Gonar Farin Turke

Duk wanda ya san Chamwenda ya san gonar inabin Mbeleje, duk kuma wanda ya san gonar ya taɓa shan baƙar magana daga bakin mai ita. 'Yar tsamurmurar mace ce mai ɗan zagayen tabo a goshi irin na mutanen da, ga murya kamar ta mai talla. Ita da mijinta suka haƙa ramukan gonar tun suna da ƙuruciya, dogayen ramuka masu kai wa mutum ƙugu, suka cika su da takin shanu. Miji ya rasu, 'yarta ta yi aure can bakin teku, aka bar ta da 'yan shanu da inabi. Ba ta da komai a duniya sai gonar nan. Da ita take ci, da ita take sutura, da ita kuma take yi wa mutane rashin mutunci.

Sau biyu ake yankan inabi a shekara a ƙasar Dodoma, sau biyun kuma motar masu saye a bakin gonar Mbeleje take fara tsayawa. Ita kuwa ba ta iya samun nasara ta yi shiru ba. Sai ta hau kan suri ta riƙe ƙugu tana tambayar maƙwabta ko kashin awakin da suka tara a kwanduna shi ma na sayarwa ne.

Wanda ya fi kowa shan bakinta shi ne Chidosa, ɗan kawunta, shugaban ƙungiyar manoman inabi ta garin. Taubasai ne, a wurin mutanenmu kuwa wasan taubasai ba abin rainawa ba ne. Taubashinka zai zage ka a gaban surukanka, ya kama maka zakara ya yanka, ya zauna a bakin kabarin uwarka ya ce ba za a rufe ba sai an saya masa giya, kai kuma dariya ce taka. In ka kuskura ka ɓata rai, dattawa su ci ka tarar akuya, yara su sa ka a waƙa har ka mutu.

Shekarar da ciwon ƙasa ya shigo garin, gonar Chidosa ya fara kamawa. Wasu 'yan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, su shiga saiwa su kumbura ta, ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su tsumbure. Ranar da mota ta zo, Mbeleje ta riga kowa fita, ta ɗauki nonon inabinta mafi girma ta ɗaure shi da zaren buhu a jikin wata busasshiyar kuranga ta Chidosa. Sannan ta kira gari.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Mushen Shugaba ya haihu!"

Direban motar ya yi dariya har da hawaye. Chidosa ma ya yi, ya fi kowa daɗewa yana yi. Ya kwance nonon ya cinye shi a gabansu yana tofar da ƙwallayen ɗaya-ɗaya, ya ce, "Na gode, 'yar gwaggo. Da zaƙi."

Bayan damina ta biyu ciwon ya cinye rabin gari, gonar Mbeleje kaɗai ta tsaya lafiya ƙalau, saboda takin da take jibga mata ba dare ba rana. A lokacin ne aka turo Dakta Kileo daga tashar binciken noma, wata matashiya 'yar ƙasar duwatsu ta arewa, mai tabarau da ladabi. Ta kira taro a gindin kuka. Mbeleje ba ta je ba. Ta ce ba ta da lokacin zama da mazan da ba su da inabi.

Da ta je, da ta ji da kunnenta, don Dakta ba ta ɓoye komai ba. Ta ce za a gwada hanyoyi biyu. Wasu gonaki za a kafa musu shuɗin turke, a ba su ruɓaɓɓen taki da maganin ƙasa. Wasu jan turke, a shuka musu wani irin wake tsakanin layuka. Amma dole a bar gona guda da farin turke, ba taki, ba feshi, ba magani, shekara uku cur, don sai an gwada da ita za a gane ko sauran sun yi aiki.

"Gonar za ta wahala," in ji ta. "Ƙila ma ta mutu. Shi ya sa ba zan zaɓa ba. Sai mai ita ya yarda da kansa."

Maza suka sunkuyar da kai, kowa yana zanen ƙasa da tsinke. Can sai Chidosa ya yi gyaran murya.

"Likita, akwai wadda za ta yarda. Ki bar ni da ita, 'yar'uwata ce."

Wani ya soma dariya a baya, ya danne ta da tari. Kafin a watse kowa ya gane, babu kuma wanda ya ce a ji tsoron Allah.

Chidosa ya iske Mbeleje tana tuƙa tuwon dawa, miyar yauƙi tana tafasa a gefe.

"Tsohuwar mayya, kina ciki ko kin tashi sama?"

"Shigo, mai gonar ƙirare. Roƙon inabi ka zo yi ko ƙamshin miya ya jawo ka?"

Ya zauna a kan turmi ya yi fuskar wanda aka cuta. Ya ce magani uku likitar ta kawo. Biyu na talakawa ne. Na ukun daga Turai ya zo, ba launi ba wari, in ka gan shi sai ka rantse ruwa ne. Don tsadarsa gona ɗaya tak za a ba.

"Na roƙa a ba ni, ta ce gonata ba ta kai ba. Wai sai wadda ta fi kowace. Ni dai an aiko ni ne, ba da son raina na zo ba."

Mbeleje ta tsayar da muciya. "Kai da ko Littafi Mai Tsarki ka dafa ƙarya kake yi?"

"To shi ke nan. Sai in ce kin ƙi, a ba Sechelela."

Sechelela maƙwabciyarta ce, tare suke zuwa coci, tare suke tsegumi, amma ko ita Mbeleje ba za ta iya gani an fifita a kanta ba. Ta tambayi sharaɗi. Ya ce guda ne: ba taki, ba shuɗin feshin da ta saba, don su ne ke karya ƙarfin maganin. Hana inabi taki a wurinta kamar hana jariri nono ne. Amma kalmar nan ta "wadda ta fi kowace" ta riga ta zauna mata a ƙirji, ta ƙi fita.

Washegari Dakta ta zo da ma'aikatanta da fararen turaku.

"Mama, Shugaba ya yi miki bayani duka?"

"Duka."

"Kin san abin da zai biyo baya, kuma kin yarda?"

"'Yata, in ba gonata ba, gonar wa za ta iya?"

Dakta ta kama hannuwanta biyu, har idonta ya kawo ruwa. Ta ce a duk yawonta ba ta taɓa ganin mai zuciya irin tata ba. Mbeleje ta karɓi yabon ba ko kunya, don a ganinta an ma makara da faɗa.

Aka soma aiki. Ma'aikata suna zuwa da duro a amalanke, su zuba wa kowace kuranga tata gwangwani guda, daidai da wanda suke zuba wa sauran gonaki, sai dai nata ruwan rijiya ne zalla. Su auna rassa, su ƙirga ganye, su debi ƙasa a leda. Sun fi daɗewa a gonarta fiye da ko'ina, wannan kuwa ya fi mata nama daɗi. Abu guda ne ya ɗaure mata kai. In za su shiga, sai su shiga kawai. In za su fita, sai su tsaya a bakin gona su wanke takalmansu da fartanyu a daro. Ta tambayi Chidosa.

"Ke ma dai," ya ce. "So kike su kwashi maganin Turai a tafin ƙafa su kai wa waɗanda ba su cancanta ba?"

A ranar ta sayi daro nata na kanta, koren roba, ta ajiye a bakin shinge da tulun ruwa. Ko limamin coci ne ya taka gonarta, ba zai fita ba sai ya wanke ƙafa tana tsaye a kansa.

"Cuɗa tsakanin yatsu! Ba za a sace min magani ina kallo ba."

Mutane suka riƙa shiga gonar da gangan don kawai a sa su wanka. Su wanke, su yi godiya, su sha kwana, sannan su zube ƙasa don dariya. Takin shanunta kuma da ya taru a shinge, Chidosa ya riƙa zuwa da amalanken jaki yana kwashewa, wai kada ƙuda ya dame ta. Har godiya take yi masa a cikin zagi.

Shekarar farko gonar ta ci tsohon ƙarfinta, inabi ya ɗan ragu, ba a lura sosai ba. A ta biyu ganye ya soma rawaya tun daga layin gabas. Mbeleje ta san wannan rawayar, ta gan ta a gonar Chidosa, ta yi mata waƙa ma. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Sau da dama takan cika kwando da taki, ta kai har bakin shinge, ta hangi fararen turakun nan, ta juya ta zubar. Da ta yi wa Chidosa maganar, cewa ya yi magani mai ƙarfi sai ya fara kayar da mara lafiya kafin ya tashe shi. Da Dakta ta leƙo kuwa, girman kai bai bar Mbeleje ta nuna damuwa ba. Ta dai ce, "Yaya kika gani?"

"Sannu da haƙuri, Mama. Komai yana tafiya yadda muka zata."

Da wannan maganar ta rayu wata da watanni.

Motar masu saye ta soma wuce ta ta tsaya a gonakin shuɗin turke. Ta sayar da saniya, ta sake sayar da wata. Yara suka laƙaba mata Mama Turai. Wata Lahadi a hanyar coci ta kama gefen zanen Sechelela.

"Ke, tsakaninki da Allah, kin taɓa jin inda maganin nan ya yi aiki?"

Sechelela, wadda inabinta ya farfaɗo har yana karya sanduna, ta dubi ƙasa ta ce, "Ki dai ƙara haƙuri, ƙawa. Mu yi sauri, an kaɗa ƙararrawa."

A ƙarshen shekara ta uku aka sa ranar nuna sakamako. Mbeleje ta ɗauka ranar ce za a bayyana asirin maganin, a ƙara mata wani abin da zai tashi gonar lokaci guda. Ta share tsakanin layuka tas, ta shafe turakun da farar ƙasa, ta ɗaura sabon zane. Aka kafa rumfa, aka kawo lemo, motoci suka kwaso manoma daga ƙauyuka da manyan ma'aikata masu tumbi. Aka zaga gonakin shuɗi, aka tafa. Aka zaga na ja, aka tafa. Sannan taron ya gangaro gonarta, ta tsaya a bakin shinge kusa da daronta kamar uwar amarya.

Dakta ta ɗauki lasifika.

"Wannan ita ce gonar da ba a yi wa komai ba. Da, ita ce ta fi kowace a garin nan. Shekara uku ba taki, ba feshi, ba magani, ruwa kawai. Ku duba da idonku."

Ta sa ma'aikaci ya kama wata kuranga daga layin da marigayi mijin Mbeleje ya dasa. Bai ko yi nishi ba, ta fito kamar an zare tsinke daga tuwo. Aka ɗaga saiwar sama, duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar gyaɗa, tana wari. Masu waya suka yi ta ɗaukar hoto.

"Ban taɓa auna ƙasa mai yawan tsutsa irin wannan ba," in ji Dakta. "Kwando guda na ƙasar nan ya isa ya kashe gona lafiyayya, in ruwa ya bi ta kai kuwa har ta maƙwabta. Shi ya sa kuke ganin muna wanke ƙafa in za mu fita. Mama ma ta taimaka mana da wannan ƙwarai. Don Allah a tafa wa Mama, wadda ta sadaukar da gonarta saboda ku."

Aka tafa. Wani mai tumbi ya kifa mata hula mai hoton inabi a kan ɗankwali.

Mbeleje ta ji kowace kalma, amma sai da ta dubi fuskokin 'yan garin sannan ta yarda. Baƙi ne kaɗai ke kallon saiwar. 'Yan Chamwenda ita suke kallo, babu mai mamaki ko ɗaya. Mai shayi ya sani, limami ya sani, yaran da ke kiran ta Mama Turai sun sani. Sechelela ta ɓuya a bayan wata mata. Shekara uku gari guda yana cin tuwo da ita a matsayin miya.

Chidosa ya ratso taron yana tafe yana rangaji. A hannunsa akwai nonon inabi ƙato, baƙi wuluk, daga gonar shuɗin turke. Ya ciro zaren buhu daga aljihu, ya ɗaure shi a jikin kurangar da ke kusa da ita, a hankali, har da gyara ƙulli.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Mushen 'yar gwaggo ya haihu!"

Gari ya fashe. Dattawa uku da ke zaune a inuwa suka zuba mata ido, suna jiran su ga ko za ta ɓata rai, don akuyar tara su ke cinye ta. Baƙin ciki ya taso mata har ta ji ɗacinsa a harshe. So take ta faɗi ƙasa ta yi birgima, ta kira sunan mijinta. Maimakon haka ta buɗe baki ta yi dariya. Wata irin busasshiyar dariya ce mai kama da tarin akuya, amma dai dariya ce, dattawa suka koma ga lemonsu.

Da aka watse, Dakta ta same ta zaune a gindin kurangar da aka tuge. A nan Dakta ta ji labarin maganin Turai. Tabaranta ya kusa faɗuwa. Ta ce wayyo, ta ce ita ta tambaya, ta ce ai ta tambaya har sau biyu. Ta ce za ta kawo mata sabon dashe kyauta, mai jure ciwo.

"In dasa yaushe?"

"A nan dai ba yanzu ba, Mama. Sai ƙasar ta huta shekaru. Bayan an dasa kuma sai a jira ya soma ba da na kirki."

"Dube ni da kyau, 'yata. Kin ga wadda za ta ci wannan inabin?"

Dakta ta tashi, ta yi taku kaɗan, ta dawo.

"Mama, tunda abin ya riga ya faru... za ki bar mu mu tono sauran saiwoyin? Ba a cika samun irinsu ba."

"Ki bar min su," in ji Mbeleje. "Ina da aiki da su."

Ba ta saduda nan da nan ba. Ta kankare ɗan takin da ya rage a shinge ta zuba, ta datse rassa, ta yi ta jigilar ruwa a ka har wuyanta ya sanƙare. Lokacin toho ya zo, duk gonakin gari suka yi kore shar. Tata ko tsiro ɗaya. Ta kama reshe ta lanƙwasa, ya karye ƙas. Daga ranar ba ta ƙara hawa suri ba, ba a ƙara jin muryarta a rijiya ba. Mutane suka ce Allah ya yi musu maganin baki.

Chidosa kuwa duniya ta yi masa daɗi. Ƙungiya ta ba shi sabon fili a saman gari, dab da rijiyar burtsatse, ƙasar da ba a taɓa dasa inabi a cikinta ba. An auna ta an ce tsaf take. A nan za a dasa sabon iri, daga nan kuma kowa zai samu dashe. Magudanar ruwa ma daga nan take farawa, ta ratsa ramukansa, sannan ta gangara gonakin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ranar gayya, ya yanka bijimi, matansa suka dafa giyar gero tulu-tulu. Al'adar gayyar dashe kuwa sananniya ce: maza su haƙa rami, kowace mace ta kawo taki a kwando daga shingenta ta juye a ciki. Ba a gayyaci Mbeleje ba. Taubashiya ba ta jiran gayyata.

Da hantsi ta shiga gonarta da fartanya. Ta tona gindin kurangogin da suka fi ruɓewa, ta cika kwando da ƙasar da guntayen saiwa, ta shimfiɗa ɗanyen kashin shanu a sama har ya rufe. Ta ɗaura sabon zanen nan, ta kifa hular mai hoton inabi, ta ɗora kwando a ka. Tun daga nesa aka jiyo ta.

"Ina ɓarawon taki? Ina mai tumbi kamar tulun giya? Fito ka karɓi saura, kada ka sha wahalar sata!"

Masu aiki suka ɗago, sai guɗa ta tashi. Wallahi har daɗi suka ji, don shirunta ya soma damun su, irin damuwar da mai laifi ke ji. Chidosa ya taho da hannu a buɗe.

"Mayya ta tashi daga kabari! Na ce ai ba kya mutuwa, 'yar gwaggo."

"Sai na binne ka, ɗan kawu. Matsa in wuce."

Ta juye kwandon a ramin farko, wanda ke bakin magudana, maza suka tura ƙasa a kai. Ta koma ta sake ɗaukowa. Ta yi ta zirya, tsohuwa da ita, ta fi 'yan mata sauri, babu ramin da ba ta ba rabonsa ba. Tana tafe tana waƙar zagi, mata suna amshi. Sechelela ta rungume ta tana hawaye, ta ce ita dama ta san ƙawarta ba mai riƙo ba ce.

"Ni? Riƙon me? Ai wasa ne," in ji Mbeleje.

Rana ta take tsaka aka gama dashe. Chidosa da kansa ya buɗe ruwa. Ya kwararo ya cika ramin farko, ya tsallaka na biyu, ya bi su duka, ya fita ta ƙasa ya kama hanyar gonakin gari. Aka zauna cin abinci. Mbeleje ta ci nama har ta ƙoshi, ta nemi ƙarin hanta, ta sha giya ƙwarya guda. Ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta hangi ruwan yana ƙyalli can a gonar Sechelela sannan ta miƙe.

A sahun ƙarshe ta taho da koren daronta, ta ajiye shi a bakin shinge ba wanda ya kula. Yanzu ta jawo shi fili, ta tsiyaya ruwa, ta zauna a kan dutse. Ta sa ƙafar dama ta wanke. Ta sa ta hagu. Ta cuɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta jawo kwandon ta soma ɗauraye shi.

Wani saurayi ya yi dariya. "Mama Turai, har yanzu? Ai wancan wasan ya ƙare."

"Likita ce ta ce," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "In za a fita daga irin wannan gona, a wanke ƙafa. Ku ma ku zo ku wanke. Ko da yake ruwa ya riga ku zuwa."

Mai tauna ya daina tauna. Chidosa ya dube ta, ya dubi kwandon, wanda ruwan ɗaurayarsa ja ne irin na ƙasa. Ya ajiye ƙwarya ya ruga ramin farko, ya durƙusa a cikin taɓo da wandonsa na fita, ya tona da hannu kamar kare. Bai yi nisa ba ya zaro wata guntuwar saiwa mai ƙulle-ƙulle. Ya rarrafa rami na gaba ya zaro wata. Sechelela ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, ta nufi gonarta a guje, sai ka ce ana tare ruwa da zane.

Chidosa ya taso, taɓo har gwiwar hannu, jijiyoyin wuyansa sun fito. Ya nufo ta da saiwar a dunƙule. Dattawan nan uku suna zaune da ƙashi a hannu, sun rasa inda za su sa idonsu.

Mbeleje ta yarfe ruwan ƙafarta ta ɗago.

"Ɗan kawu, lafiya? Kamar ka ɓata rai. Dattawa fa suna kallo."

Ya tsaya. Ya dubi dattawa, ya dubi jama'ar da ya yi shekara uku yana gaya wa cewa wasan taubasai ba ya da iyaka. Sannan bakinsa ya buɗe, wani sauti ya fito, busasshe, mai kama da tarin akuya. Ta gane dariyar, tata ce.

Ta daɗe tana zaton wannan sautin zai yi mata zaƙi. Bai yi ba. Ta zubar da ruwan, ta kifa daron a ka, ta kama hanyar gida ita kaɗai. Hanyar ta bi ta gefen gonarta, inda fararen turaku ke tsaye a cikin ƙirare. Awakin wani sun karya shinge sun shiga suna ɓare ɓawon kurangogin. Ta tsaya ta kalle su, ba ta kore su ba.